Tagwayen da ke Cikin Man Gyaɗa

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, sai dai za mu ɗan ratsa ɗakin gwajin sinadarai kafin mu isa Kano, don haka a yi haƙuri da mu.

Da wuya marubuci ya tuna Arewar jiya bai ambaci dalar gyaɗa ba. Muna saka ta a waƙa, muna saka ta a labari, 'yan siyasa ma ba su bar ta ba. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: me Turawa suke yi da wannan gyaɗa haka? Ai ba ƙuli-ƙuli suke tuyawa ba. Amsar tana cikin wani ɗan lanƙwaso da ido ba ya iya gani.

Babban sinadarin da ke cikin man gyaɗa sunansa oleyik. Siffarsa kamar sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon 18, da ƙwayoyin haidirojin maƙale a jikinta. Yawancin gaɓoɓin sarƙar ɗauri ɗaya ne ya haɗa su, amma a tsakiya akwai inda ɗaurin ya zama biyu. Kafinta ya san bambancin: katako biyu da aka haɗa da ƙusa ɗaya suna juyawa, idan aka ƙara ta biyu sun tsaya ke nan yadda aka kafa su. To a wannan gurbi, ko dai hannuwan sarƙar biyu su faɗo gefe guda, sarƙar ta lanƙwashe, ko kuma ɗaya ya bi nan ɗaya ya ƙetare can, ta miƙe. Na farko masana ke kira sis, na biyu tarans, kalmomin Latin ne masu nufin wannan gefe da ƙetare. Kayan haɗinsu ɗaya, adadinsu ɗaya, Hassan da Husaini ne, zaman ne kawai ya bambanta. Amma duk wanda ya taɓa ɗaure damin kara ya san miƙaƙƙe yana kwanciya ya matse, karkatacce kuwa sai ya bar kafa. Shi ya sa oleyik mai lanƙwasa yake narkewa tun wajen digiri 14, tagwaicinsa miƙaƙƙe mai suna elaidik kuwa yana nan a daskare sai zafi ya kai wajen digiri 45, wanda ya haura zafin jikin mutum.

An ga aikin tagwayen tun kafin a gane su. A 1819 wani mai haɗa magani a Marsai ta Faransa, Poutet, ya lura cewa idan ya zuba wani sinadari a man zaitun sai man ya yi barci, har ya mayar da hakan hanyar gano mai yin algus. Dalilin kuwa babu wanda ya sani sai 1874, lokacin da wani saurayi ɗan Holan, van 't Hoff, yana da shekara 22, ya fitar da 'yar ƙasida yana cewa ƙwayoyin zarra suna da mazauni a sarari, akwai gaba da baya, sama da ƙasa, kuma ɗauri biyu ba ya juyawa. Wani Bafaranshe, Le Bel, ya zo da irin wannan tunani a shekarar. A 1877 wani babban farfesa a Jamus, Hermann Kolbe, ya yi wa yaron tatas a rubuce, yana masa gorin cewa a makarantar likitan dabbobi yake koyarwa, wai can ya aro dokin tatsuniya mai fiffike ya hau. Masu jin zafin sharhin da ake musu a zauren nan su ɗan duba wannan. A 1901 van 't Hoff ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, kodayake kan wani aikin daban aka ba shi.

Yanzu sai kasuwa. Biranen Turai sun cika da ma'aikata, man shanu ya yi musu tsada. Tun 1869 aka ƙirƙiro majarin a Faransa, wato botar talaka, da kitsen shanu, shi ma kitsen ya zo ya yi kaɗan. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar hanyar cusa iskar haidirojin cikin mai mai ruwa tare da garin ƙarfen nikel, ɗauri biyun ya koma ɗaya, sarƙa ta miƙe, mai ya daskare. Daga nan duk wani mai na tsiro ya zama abin yin bota.

A daidai wannan lokaci ake shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano. Layin ya bi ta Kaduna da Rigachikun, nan kusa da mu mutanen Katabu, ya wuce Zariya, ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga Turawan Ingila suka sa rai zai kwaso wa masaƙun Lankasha. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana shuka ta tare da gero, ana ciyar da dabba da harawarta, idan shekara ta ɓaci a ci ta. Ga kuma kamfanoni suna sayenta da tsada saboda masu bota. Fataken goro da suka saba da Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su suka bazu ƙauyuka suna raba kuɗi da gishiri da yadi kafin kaka. Cikin shekara biyu gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgi, buhuna suka taru a bakin tasha. Masanin tarihi Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan a littafin da aka buga a Zariya a 1978, kuma muna ganin duk mai son rubuta labarin wancan zamani ya neme shi. Cikin waɗannan fatake ne Alhassan Ɗantata ya fito. Kamfanin Neja da yake sayar wa gyaɗa, masu sabulun Lever suka saye shi a 1920, su kuma daga baya suka haɗe da masu majarin na Holan aka sami Unilever.

Mu a ganinmu nan labari yake. Muna yawan zana dalar kamar ado, alhali a bayanta akwai manomin da ya ƙi bin tsarin Gwamna, da dillali, da ɗan dako, da wata mata a wani gari mai sanyi tana shafa wa 'ya'yanta bota a burodi ba ta taɓa jin sunan Bebeji ba.

Sai dai hanyar Normann tana da wutsiya. Idan aka cika mai da haidirojin gaba ɗaya yakan yi tauri kamar kyandir, don haka masana'antu sukan tsaya a rabi. A wannan rabin aikin, wasu ɗaurin ba sa warwarewa, juyewa kawai suke yi daga sis su koma tarans. Abin da Poutet ya gani a kwalba sai ga shi ana yin sa tan-tan, kuma masu gasa burodi da biskit suka so shi, don ba ya saurin ɓaci. An shekara kusan tamanin ana ci. Fred Kummerow a Amurka ya yi ta gargaɗi tun 1957 ba a saurare shi ba. Sai a 1990 wasu masana biyu a Holan, Mensink da Katan, suka gwada a jikin mutane suka nuna cewa kitsen tarans yana ƙara kolastarol mai toshe jijiya, yana kuma rage mai share ta. Denmak ta taƙaita shi a 2003, Amurka ta hana man rabin-haidirojin daga 2018. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana da hannu a mutuwar mutum sama da 500,000 duk shekara ta ciwon zuciya, ta nemi a kawar da shi.

Kafin nan dalar ta riga ta tafi. Farin 1972 zuwa 1973, cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin fetur sun gama da ita. Man da matanmu suke matsewa a turmi bayan suyar gyaɗa har yau mai lanƙwasar ne, kamar yadda yake tun kafin zuwan dogo. Man shanun Fulani yana da ɗan tarans na halitta, kaɗan ne. Mai yawan a masana'anta ake yin sa, kuma ta kanti da gidan burodi yake shigo mana.

Dokar mai da kitse ta NAFDAC ta 2022 ta ce kada tarans ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai ko kitse, kuma a rubuta adadinsa a jikin kaya. Wannan ya shafi abin da ke cikin gwangwani da kwali. Botar da ake yankowa daga babban bokiti a ƙulla a farar leda, wadda mai shayi da mai kek ɗin biki suke saye a kasuwa, ba ta zuwa da takarda.