Bayani kan na'urar da ke ba jitar lantarki murya

Idan aka kaɗa jitar lantarki ba tare da an jona ta da lasifika ba, da ƙyar wanda ke ɗaki na gaba zai ji wani abu.

Molo da garaya da gurmi suna da ƙoƙo ko itace mai rami da aka rufe da fata, kuma wannan ramin ne ke ƙara wa tsirkiya amo. Akasarin jitocin lantarki kuwa gungumen katako ne marar rami.

Abin da ke ba su murya wata ƴar na'ura ce da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda a Turance ake ce wa fikof, wato mai ɗaukar sauti. Irin wadda aka saka wa jita ita ce ke da babban rabo wajen fayyace yadda kiɗan zai fito, shi ya sa makaɗa ke kashe kuɗi masu yawa wajen zaɓenta.

Yadda take aiki

Na'urar ba ta jin sauti kamar yadda makirfo ke ji. Motsin ƙarfe take karantawa.

A cikinta akwai maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar silin gashi. A jitar Stratocaster ta kamfanin Fender, naɗin kan kai zagaye kusan 8,000.

Maganaɗisun yana shafar tsirkiyar da ke bisa kansa, tunda ita ma ta ƙarfe ce. Da zarar an kaɗa ta, karkarwar da take yi sai ta riƙa sauya ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin, wannan sauyin kuma ya haifar da ƴar wutar lantarki a cikin wayar.

Wutar na kai da komo daidai da karkarwar tsirkiyar. Mafi kaurin tsirkiyoyi shida na jita tana karkarwa kusan sau 82 a daƙiƙa guda, mafi sirantarsu kuma kusan sau 330. Wutar ba ta da yawa, galibi ba ta kai bolt ɗaya ba, don haka sai an bi da ita ta na'urar ƙara sauti kafin lasifika ya mayar da ita amon da kunne zai ji.

Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ne ya gano wannan ƙa'ida a 1831, kuma a kanta ne injin janareta ke aiki. Saboda haka ne tsirkiyar roba ko ta gashin doki ba za ta ba da komai ba a kan irin wannan na'ura.

Asalinta

Matsalar da ta haifar da na'urar ita ce ta rashin ƙara. A manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka a shekarun 1920, ƙahonni da ganguna kan danne muryar jita.

A 1931 George Beauchamp ya ƙera wata jita a birnin Los Angeles, wadda aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Shi da abokin hulɗarsa Adolph Rickenbacker suka fara sayar da ita a 1932.

Kamfanin Gibson ya biyo baya a 1936 da jitar ES-150, wadda makaɗin jaz Charlie Christian ya yi suna da ita. A 1946 kamfanin ya fito da na'urar P-90. Shi kuma Leo Fender ya fito da jitar da aka raɗa wa suna Telecaster a 1951, sannan Stratocaster a 1954.

Duka waɗannan naɗi ɗaya ne ke cikin kowace na'urarsu.

Mai naɗi ɗaya da matsalar ƙugi

Mai naɗi ɗaya tana da murya garau mai zaƙi. Kowace tsirkiya na fita dabam, ko da makaɗin na gudu da yatsunsa. Da irinta ne aka san Jimi Hendrix da Mark Knopfler da Nile Rodgers.

Sai dai kuma tana da aibi. Naɗin waya tamkar eriya yake, yana kwasar duk wani tasirin lantarki da ke kewaye da shi, kama daga wayoyin da ke cikin bango zuwa taransifoma da dogayen fitilu da janareta.

Sakamakon shi ne wani ƙugi da ke fita daga lasifika ko da ba a taɓa jitar ba. A Najeriya da Nijar da ƙasashen Turai, inda wutar lantarki ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙugin na bin wannan adadi. A Amurka sau 60 ne. Duk lokacin da aka ƙara sauti, shi ma sai ya ƙaru.

Mai naɗi biyu

Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistar mallakar fasahar da ya ƙirƙiro don magance wannan matsala a 1955. A 1957 aka fara saka ta a jitar Les Paul. Ana kiranta hambaka, ma'ana mai kawar da ƙugi. Kusan a lokaci guda Ray Butts ya ƙera makamanciyarta, wadda kamfanin Gretsch ya yi amfani da ita.

Dabarar ita ce a jera naɗi biyu kusa da juna, a haɗa su ta yadda wuta ke zagaya su ta fuskoki masu saɓawa, sannan a juya fuskar maganaɗisu a ƙarƙashin ɗayansu.

Ƙugin da ke zuwa daga waje babu ruwansa da maganaɗisu. Yana shiga naɗin biyu ta fuskoki masu karo da juna, sai ɗaya ya kashe ɗaya. Amon tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, ta naɗi da kuma ta maganaɗisu, don haka abin da naɗin biyu suka ɗauko haɗuwa yake yi ya ƙara ƙarfi.

Amma akwai abin da ake rasawa. Yawan waya na rage siririyar murya, haka nan na'urar na karanta yanki mai faɗi na tsirkiyar. Muryar kan fito da kauri da taushi, ba ta da kaifin mai naɗi ɗaya. Wannan kaurin ne ya ja hankalin makaɗa irin su B.B. King da Wes Montgomery, daga baya kuma Jimmy Page da Slash.

Ita P-90 tana tsakani. Naɗinta ɗaya ne amma mai faɗi, zagaye kusan 10,000, don haka ta fi ta Fender kauri, sai dai ita ma tana ƙugi.

Maganaɗisu da batir

Tsofaffin na'urorin an yi su ne da maganaɗisun alniko, wato haɗin alminiyam da nikel da kobalt da ƙarfe. Daga baya aka shigo da na siramik, wanda ya fi arha kuma ana iya samun mai ƙarfi sosai.

A 1972 Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion, wadda aka yi domin a cire ta asali a saka ta. Daga nan ne kasuwar sauya na'urar ta buɗe. Kamfanonin Seymour Duncan da EMG duka an kafa su ne a 1976 a jihar Kalifoniya.

EMG ya yi fice da na'urori masu ƴar na'urar ƙara sauti a cikinsu, wadda ke aiki da batir mai bolt 9. Ƙuginsu kaɗan ne ƙwarai, kuma doguwar waya ba ta rage musu murya. Makaɗan ƙungiyar Metallica sun daɗe suna amfani da su. Illarsu ita ce idan batir ya yi sanyi murya na dusashewa, idan ya mutu kuma jitar ta yi shiru.

Inda aka ɗora ta

Na'ura iri ɗaya na ba da murya dabam gwargwadon inda take. Kusa da jaki, wato abin da ke tallafe da tsirkiyoyi a gindin jita, tsirkiya ba ta lilo sosai, sai murya ta fito siririya mai kaifi. Kusa da wuyan jita lilon ya fi faɗi, muryar kuma ta fi kauri.

Wannan ne ya sa Les Paul ke da na'ura biyu, Stratocaster kuma uku, tare da makunnin zaɓi. Tun asali makunnin Stratocaster matsayi uku gare shi, amma makaɗa suka gano cewa idan suka tsayar da shi a tsakani sukan haɗa na'ura biyu su sami wata murya dabam. A 1977 kamfanin ya mayar da shi mai matsayi biyar.

A jitoci da dama na wannan zamani ana juya naɗi da maganaɗisun ta tsakiya, ta yadda waɗannan matsayi biyu na haɗi ke kashe ƙugi kamar hambaka.

Wacce ya kamata a zaɓa?

Amsar ta dogara ne kan irin kiɗan da kuma wurin da za a yi shi.

Kiɗan da ke buƙatar a ji kowace tsirkiya ya fi dacewa da mai naɗi ɗaya. Misali na kusa shi ne kiɗan jitar Abzinawa da birnin Agadez ya shahara da shi. Mdou Moctar, makaɗin Nijar da ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya yi suna a duniya yana kaɗa Stratocaster da hannun hagu.

Wanda ke son murya mai nauyi, ko yake buɗe na'urar ƙara sauti har ƙarshe, hambaka ta fi masa. Haka ma wanda ke wasa a gidajen biki da janareta a kusa, inda wayoyin ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa, domin a irin wannan wuri ne ƙugi ya fi tsanani. Akwai kuma jitocin da ke haɗa iri biyu, hambaka kusa da jaki, masu naɗi ɗaya a sauran gurabun.

Masu sayarwa kan rubuta wani adadi a jikin kwali, kamar om 6,000 ga mai naɗi ɗaya ko 8,000 ga hambaka. Adadin yana nuna tsawo da sirantar wayar ne kawai. Bai isa ya nuna ƙarfin na'urar ba, balle daɗin muryarta.

Kafin a sayi sabuwa, akwai gyare-gyaren da ba sa cin kuɗi sosai. Ana iya ɗaga na'urar ko a saukar da ita da sukurun da ke gefenta. Idan ta yi nisa murya na raguwa, idan kuma ta matso da yawa maganaɗisu kan ja tsirkiyar ya ɓata mata amo. Tsofaffin tsirkiyoyi masu tsatsa da lalatacciyar waya su ma suna kashe murya, haka nan liƙa takardar jan ƙarfe a cikin ramin jitar na rage wani ɓangare na hayaniyar.

Ya kamata kuma mai saye ya auna ramin jitarsa, domin hambaka ta kusan ninka mai naɗi ɗaya a faɗi, kuma saka ta na iya buƙatar a sassaƙe katakon. Mafi muhimmanci shi ne ya gwada na'urar da irin lasifikar da zai riƙa amfani da ita, tunda a nan ne masu saurare za su ji ta.