Sabis

sabis (suna, namiji, jam'i: sabis-sabis)

1. Duba inji da gyara shi lokaci-lokaci. *Direba ya kai motarsa sabis a Parakou kafin ya ɗauki hanyar Djougou.*

2. A fannin kwamfuta: manhajar da ke aiki a bayan fage ba dare ba rana, wadda tsarin kwamfuta ke kunnawa da kansa. Sabar da ke ɗauke da manhajar intanet, kamar Gunicorn, ana mayar da ita sabis don kada ta mutu idan mai ita ya rufe tagar umarni. A yawancin nau'o'in Linux, systemd ne ke kula da wannan aiki. Systemd ya fito a 2010, Debian da Ubuntu kuma suka karɓe shi a 2015. Ana rubuta ɗan fayil a /etc/systemd/system, a faɗi umarnin kunnawa, a sa Restart=always don manhajar ta sake tashi duk sanda ta faɗi. Umarnin systemctl enable ke sa ta tashi tare da kwamfutar bayan an dawo da wuta. *Ɗalibar Jami'ar Parakou ta mayar da manhajar rajistarta sabis, don masu nema su same ta ko da tsakar dare.*

Duba kuma: saba, manhaja.