Tsaitsayawar wasa da matsalar sauti a Linux

Tsaitsayawar wasa da matsalar sauti matsaloli ne guda biyu da masu wasannin kwamfuta ke yawan cin karo da su a babbar manhajar Linux. Tsaitsayawa ita ce hoton wasa ya riƙa cijewa na ɗan ƙanƙanin lokaci sannan ya ci gaba, ko da kwamfutar tana da ƙarfin ɗaukar wasan. Matsalar sauti kuwa ta haɗa da yankewar murya, ƙarar ƙas-ƙas a lasifika, jinkirin sauti bayan hoto, ko ɗaukewarsa baki ɗaya. Sau da yawa matsalolin biyu suna zuwa tare, domin hoto da sauti duk suna jiran firosesa ɗaya ne ya ba su lokaci. Yawancinsu ana gyara su ta hanyar saiti, ba sai an sayi sabuwar na'ura ba.

Tarihi

Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyar Linux a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finland. Manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke da damar duba rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba. Daga gare ta aka samu nau'o'i irin su Ubuntu, Debian, Fedora, Linux Mint da Arch.

Shekaru da dama yawancin wasannin kwamfuta don Windows ake yin su. A 1993 aka fara aikin Wine, wadda ke ba manhajojin Windows damar aiki a Linux. Kamfanin Valve ya fitar da Steam na Linux a watan Fabrairun 2013, sannan a watan Agustan 2018 ya fitar da Proton, wadda ta haɗa Wine da DXVK. Aikin DXVK shi ne juya umarnin zane na Direct3D zuwa Vulkan, tsarin da ƙungiyar Khronos ta fitar a 2016. Fitowar na'urar Steam Deck a watan Fabrairun 2022 ta ƙara yawan wasannin da ke aiki a Linux, domin ita ma Linux take amfani da shi.

Ta ɓangaren sauti, ALSA ce ke magana kai tsaye da katin sauti daga cikin zuciyar Linux. Jaroslav Kysela ne ya fara ta a 1998. A samanta akwai manhajar da ke haɗa sautin manhajoji daban-daban wuri guda. Daga 2004 Lennart Poettering ya fara PulseAudio don wannan aiki, yayin da masu haɗa kiɗa suka fi amfani da JACK. Daga baya Wim Taymans na kamfanin Red Hat ya ƙirƙiro PipeWire domin ta maye gurbin biyun. Fedora 34 ce ta fara sa ta a matsayin tsarin sauti na asali a 2021, Ubuntu ta biyo baya a fitowar 22.10, Linux Mint kuma a fitowa ta 22 a 2024.

Yadda tsaitsayawa ke faruwa

Motsin da ake gani a wasa jerin hotuna ne da ake kira firem. Wasan da ke nuna firem 60 a daƙiƙa yana da milisakan 16.7 kacal don zana kowane ɗaya, mai firem 30 kuma yana da milisakan 33.3. Idan firem ɗaya ya ɗauki milisakan 100, ido zai ga cijewa, ko da matsakaicin adadin firem bai sauka sosai ba. Saboda haka masu bincike ke duba tsawon lokacin kowane firem, ba adadinsu a daƙiƙa kawai ba. Manhajar MangoHud tana zana wannan a kusurwar allo tare da zafin na'ura da nauyin aikin firosesa da na katin hoto.

Manyan dalilan tsaitsayawa

Haɗa manhajojin zane. Wasanni suna zuwa da ƙananan manhajojin zane, waɗanda ake kira shader, masu lissafin haske da inuwa da launi. Dole direban katin hoto ya juya su zuwa yaren katin kafin su yi aiki. Idan a tsakiyar wasa aka yi juyin, hoto zai cije a karon farko da aka shiga sabon wuri ko aka ga sabon abu, amma ba zai sake ba a karo na biyu. Wannan ita ce alamar da ake gane shi da ita. Steam tana rage matsalar ta hanyar haɗa su tun kafin a buɗe wasa. DXVK 2.0 da ta fito a watan Nuwamban 2022 da Mesa 23.1 ta 2023 sun ƙara rage ta sosai.

Direban da bai dace ba. Katunan AMD da na Intel suna amfani da direbobin Mesa da ke zuwa tare da Linux, sai dai tsofaffin nau'o'in Linux suna ɗauke da tsohuwar Mesa. Katunan Nvidia kuwa sun fi aiki da direban kamfanin, wanda a wasu nau'o'in sai mutum ya saka da kansa. A kwamfutar cinya mai katin hoto biyu, wasa kan hau ƙaramin katin da ke cikin firosesa ya bar babban a zaune. Ana tilasta masa hawa babban da prime-run ko DRI_PRIME=1.

Tanadin wuta. Linux tana rage gudun firosesa don tattalin batir. GameMode, wadda kamfanin Feral Interactive ya fitar a 2018, tana ɗaga gudun a lokacin wasa ta kuma mayar da shi idan an rufe. A Steam ana kunna ta da rubuta gamemoderun %command% a gurbin zaɓin buɗe wasan.

Zafi. Idan firosesa ya kai wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, yakan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace. Alamarsa ita ce wasa ya fara lafiya, bayan mintuna kaɗan ya fara nauyi, fanka kuma tana ta ƙara.

Ƙarancin ram da jinkirin faifai. Idan ram ta cika, kwamfuta takan koma ajiye bayanai a faifai, wanda ya fi ram jinkiri nesa ba kusa ba, musamman tsohon faifai mai juyawa. Rufe burauza, kunna zram, ko mayar da wasan kan SSD na taimakawa. Ajiye wasannin Proton a ɓangaren faifai mai tsarin NTFS na Windows shi ma yakan jawo matsala, don haka an fi son ext4 ko btrfs. Akwai kuma wata iyaka a zuciyar Linux mai suna vm.max_map_count, wadda asalinta 65530 ce, kuma wasu manyan wasanni kan rufe kansu idan sun kai ta. Fedora 39 da Ubuntu 24.04 sun ɗaga ta zuwa 1048576.

Mai haɗa tagogin allo. A tsohon tsarin X11, manhajar da ke ƙawata tagogi takan shiga tsakanin wasa da allo. A KDE Plasma ana dakatar da ita da danna Alt, Shift da F12 tare. A sabon tsarin Wayland masu katin Nvidia sun daɗe suna fama da walƙiyar hoto har zuwa fitowar direba na 555 a 2024.

Yadda sauti ke yankewa

Kwamfuta tana aika sauti ga katin sauti ne a ƙananan ƙullika. A saitin asali na PipeWire, daƙiƙa ɗaya ta sauti tana ɗauke da samfur 48000, kowane ƙulli kuma yana da samfur 1024, wato milisakan 21.3. Dole sabon ƙulli ya iso kafin wanda ke gabansa ya ƙare. Idan ya makara, katin zai rasa abin fitarwa, sai a ji ƙas ko yankewa. Wasu wasanni kan nemi ƙaramin ƙulli don sauti ya yi saurin bin hoto. Ƙulli mai samfur 256 yana ba firosesa milisakan 5.3 ne kawai, kuma firosesan da wasa ya riga ya cika da aiki ba ya iya cika wannan wa'adi kullum. Nan ne matsalar hoto da ta sauti ke haɗuwa.

Umarnin pactl info yana nuna ko PulseAudio ce ke aiki ko PipeWire. Umarnin pw-top kuma yana nuna girman ƙullin da kowace manhaja ke amfani da shi da adadin kurakurai. Idan adadin yana hawa a lokacin wasa, girman ƙulli ne matsalar. Ana gwada gyara da pw-metadata -n settings 0 clock.force-quantum 1024, wanda ke aiki har zuwa sake kunna kwamfuta. Idan ya yi, sai a dawwamar da shi ta hanyar ɗaga default.clock.min-quantum a fayil ɗin saitin PipeWire. A wasannin Proton, rubuta PULSE_LATENCY_MSEC=60 %command% yakan kawar da ƙarar, ko da yake yana ƙara ɗan jinkiri.

Sauran matsalolin sauti

Idan babu sauti ko kaɗan, sau da yawa yana fita ne ta wata ƙofa, kamar HDMI, maimakon lasifika. Manhajar pavucontrol tana nuna inda sautin kowane wasa yake zuwa. A alsamixer kuma harufan MM a ƙasan layi suna nufin an kashe muryarsa. Sababbin kwamfutocin cinya na Intel da dama suna buƙatar sof-firmware kafin lasifikarsu ta yi aiki, tsofaffin wasanni kuma suna buƙatar ɗakunan manhaja na 32-bit.

Ƙarar ɗas a farkon sauti ko haɗiye kalmar farko tana zuwa ne daga tanadin wuta. WirePlumber tana kwantar da katin sauti bayan daƙiƙa 5 na shiru, direban snd_hda_intel shi ma yana da nasa tanadin, kuma ana iya kashe kowannensu. Iyafis na Bluetooth yana da yanayi biyu: A2DP mai kyawun sauti, da HFP na kiran waya. Da zarar wasa ya buɗe makirfo sai ya koma na biyun, sauti ya dushe. Bluetooth da Wi-Fi na zangon 2.4 GHz kuma suna iya shiga wa juna. Iyafis mai waya yana kauce wa duka biyun.

A yankin Haɗeja da Auyo

A garuruwan kwarin kogin Haɗeja a jihar Jigawa, irin su Auyo, Haɗeja da Kafin Hausa, yanayin wuri yana da hannu a matsalar kamar yadda saiti yake da shi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, sai na'ura ta yi saurin kai iyakar da firosesa ke rage gudu. A hunturu ƙura tana toshe fanka da ƙarfen sanyaya. Da damina kuma, lokacin da fadamu ke cika, danshi yana haɗuwa da ƙurar da ta taru ta daskare, yana kuma sa tsatsa a ramin iyafis, abin da ke kawo ƙarar da babu saitin da zai gyara ta.

Kwamfutocin cinya na hannu, waɗanda ɗalibai da yawa ke saya saboda sauƙin kuɗi, kan zo da man sanyaya firosesa da ya bushe da batir da ya gaji. Busa fanka da bulowa, canza man, da ɗora kwamfutar a kan tebur maimakon katifa ko darduma sukan rage zafi. Ɗauke wuta ma yana da tasiri: da zarar caja ta daina aiki, kwamfuta takan koma tsarin tattalin batir nan take, sai wasa ya yi nauyi. Cajar da ba ta kai ƙarfin ta asali ba tana iya sa wasu kwamfutoci su ƙi ba firosesa cikakken gudu. Gurnanin da ake ji a lasifika idan ana kan janareta ko inbata, wanda ke ɓacewa idan an zare caja, daga wutar yake, ba daga Linux ba. Ga mai sayen data, yana da kyau a sani cewa Steam tana yawan sauke haɗaɗɗun manhajojin zane masu nauyi. Ana iya kashe wannan a saitinta, a bar kwamfutar ta haɗa su da kanta.

Tsarin bincike

Ƙa'idar farko ita ce canza abu ɗaya a lokaci guda a gwada, domin wanda ya canza saiti biyar tare ba zai san wanda ya yi gyaran ba, balle wanda ya ɓata. Ana farawa da sabunta tsarin da direbobi, sannan a kunna MangoHud a duba zafi da lokacin firem. Daga nan a tabbatar wasan yana kan katin hoton da ya dace, a gwada GameMode, a kuma gwada wata fitowar Proton. Shafin ProtonDB yana tara rahotannin 'yan wasa kan kowane wasa da saitin da ya yi musu aiki. Kafin taɓa fayil ɗin saiti a ajiye kwafinsa. Umarnin da aka kwafo daga intanet kuma, musamman wanda ya fara da sudo, kada a buga shi sai an fahimci aikinsa, domin kuskure ɗaya na iya hana kwamfuta tashi ko ya goge aikin makaranta da ke ciki. Wasu tsofaffin shawarwari da aka rubuta don PulseAudio ba sa aiki a kwamfutar da ke kan PipeWire.

Iyaka

Ba kowace matsala ce ke da magani a hannun mai kwamfuta ba. Wasu wasannin suna tsaitsayawa har a Windows saboda yadda aka rubuta su. Wasu kuma, irin su Valorant da Fortnite, ba sa aiki a Linux saboda manhajar hana maguɗi da suke amfani da ita. Idan katin hoto ya tsufa har ba ya ɗaukar Vulkan, Proton takan iya komawa ga OpenGL ta hanyar PROTON_USE_WINED3D=1, amma gudun wasan yakan ragu.