Rutin ɗin wayar Android

Rutin shi ne samun cikakken iko a kan babbar manhajar wayar Android, irin ikon da kamfanin da ya ƙera wayar ya hana mai ita tun daga masana'anta. Wanda ya yi wa wayarsa rutin yana iya buɗe kowane fayil, ya goge manhajojin da suka zo da wayar, ya kuma sauya yadda take aiki daga tushe. Kalmar ta samo asali ne daga root, wato saiwa da Turanci, sunan asusun da ya fi kowane asusu iko a tsarin Unix, wanda aka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. Linux ta gaji wannan tsari daga Unix, ita kuma Android a kan Linux aka gina ta. A wayoyin iPhone ana kiran makamancin wannan aiki jailbreak.

Abin da Android ta hana

A cikin Android kowace manhaja tana da lambarta da ɗakin ajiyarta, kuma ba ta da izinin leƙa ɗakin wata. Shi ya sa manhajar wasa ba ta iya karanta bayanan manhajar banki. Asusun root, mai lamba 0, yana tsallake wannan katanga, amma an rufe ƙofarsa ga mai wayar da duk manhajar da ya sauke. Rutin yana ƙara wa wayar wata ƙaramar manhaja mai suna su, wadda ke miƙa wannan iko ga manhajar da ta nema, tare da wata mai gadi da ke tambayar mai wayar ko ya yarda.

Kulle iri-iri

Mutane sukan haɗa rutin da wasu ayyuka daban, domin duka ana ce musu buɗe waya. Akwai kullen allo, na lambar sirri ko zanen yatsa. Akwai kullen layi, wanda ke hana waya karɓar sim ɗin wani kamfanin sadarwa, kamar yadda ake gani a wayoyin da aka shigo da su daga Amurka. Akwai kullen asusun Google da ke tashi bayan an wanke waya, wanda aka shigo da shi a Android 5.1 saboda ɓarayi. Sai kuma kullen butloda, kuma shi ne ya shafi rutin kai tsaye. Butloda ita ce manhajar da ke fara aiki idan an kunna waya, ita ke loda Android, kuma idan tana kulle ba ta loda komai sai abin da ke ɗauke da sa hannun kamfani. Rutin ba ya buɗe wayar da aka manta lambar sirrinta, ba kuma lallai ya cire kullen layi ba.

Tarihi

Wayar Android ta farko, HTC Dream, wadda T-Mobile ya sayar da sunan G1, ta fito a watan Oktoba na 2008 da wani kuskure mai ban dariya. Duk abin da mutum ya rubuta a madanninta, wayar tana ɗaukarsa a ɓoye a matsayin umarni daga asusun root. Wanda ya rubuta kalmar reboot a cikin saƙo sai kawai wayarsa ta mutu ta sake tashi. Google ya toshe wannan kafa cikin gaggawa, amma kafin nan masu bincike sun riga sun shiga. A 2009 Steve Kondik ya fara CyanogenMod, wata Android da aka yi wa kwaskwarima, wadda ta rufe a ƙarshen 2016, LineageOS ta ci gaba daga inda ta tsaya. A Janairun 2010 Google ya fitar da Nexus One, wadda ake buɗe butlodarta da umarni ɗaya daga kwamfuta ta hanyar fastboot.

Shekarun da suka biyo baya na farautar kurakurai ne. Idan aka gano rauni a cikin Linux, sai a gina manhajar da za ta bi ta nan. Towelroot, wadda George Hotz ya fitar a 2014, tana yi wa wayoyi da dama rutin da dannawa ɗaya, kuma raunin da aka laƙaba wa Dirty COW a 2016 ya sake buɗe hanya. KingRoot da ire-irenta sun yi tashe a wannan zamani, duk da cewa ba su bayyana abin da ke cikinsu ba, balle a san irin bayanan da suke kwasa.

Google ya riƙa ƙara makullai. Daga Android 5.0 tsarin SELinux ya taƙaita abin da ko asusun root zai iya taɓawa, daga Android 7.0 kuma waya kan ƙi tashi idan ta ga an sauya ɓangaren da babbar manhaja take. Wannan ne ya sa Magisk, wadda John Wu ya fitar a 2016, ta karɓe fage daga SuperSU, domin ba ta taɓa wannan ɓangare, fayil ɗin tayar da waya take gyarawa. A 2021 Google ya ɗauki Wu aiki a sashen tsaron Android.

Yadda ake yi a yau

A sabbin wayoyi hanyar kurakurai ta kusa toshewa, abin da ya rage shi ne ƙofar da kamfani ya bari da kansa. Mai wayar zai kunna izinin buɗe butloda a cikin saitin masu haɗa manhaja, ya jona wayar da kwamfuta, ya buɗe ta, sannan ya ɗora fayil ɗin da Magisk ta gyara. Buɗe butloda yana goge duk abin da ke cikin wayar. Da gangan aka yi hakan, don kada wanda ya tsinci waya ko ya sace ta ya bi ta wannan hanya ya karanta saƙonnin mai ita.

Ba kowane kamfani ke barin ƙofar ba. Wayoyin Pixel da aka saya kai tsaye daga Google suna buɗuwa cikin sauƙi. Xiaomi ya daɗe yana sa mutum jira, sau da yawa kwana bakwai. Huawei ya daina ba da lambobin buɗewa a 2018. A wayoyin Samsung akwai wata alama ta Knox da ke sauyawa a jikin na'urar da zarar an ɗora manhajar da ba ta kamfani ba, kuma ba ta komawa ko da an mayar da komai yadda yake, don haka Samsung Pay da Secure Folder sukan daina aiki har abada.

Dalilai da haɗari

Yawanci ana yin rutin ne don cire manhajojin da ke cinye wuri da caji, ko toshe talla, ko adana cikakken kwafin bayanai, ko sabunta tsohuwar wayar da kamfaninta ya daina kulawa da ita. A Najeriya ya yi tashe a tsakiyar shekarun 2010, lokacin da masu wayoyin da ke da injin MediaTek, irin su Tecno, suke sauya lambar IMEI don su mori tsarin data mai araha da aka ware wa BlackBerry. Dalilan farko da dama sun ragu, tun da Android ta shigo da ɗaukar hoton allo da sarrafa izinin manhajoji ba tare da rutin ba.

Babban haɗarin shi ne rushewar katangar da ke tsakanin manhajoji. Muguwar manhajar da ta samu izinin root tana iya karanta saƙonnin banki da lambobin tabbatarwa. Shi ya sa manhajojin banki da na biyan kuɗi da yawa suke ƙin buɗewa a irin wannan waya, suna gane ta ne ta hanyar Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet. Fayil ɗin da bai dace da samfurin wayar ba yana iya hana ta tashi gaba ɗaya, sai an kai ta wurin masu gyara an yi mata filashin, wani lokaci ma ba ta dawowa. Sabuntawar tsaro ma takan daina shiga da kanta. Ga wanda wayarsa ita ce bankinsa, ribar ba ta cika kai asarar ba.

Matsayin doka

A Amurka dokar haƙƙin mallaka ta DMCA ta 1998 ta haramta karya makullan manhaja, amma a Yulin 2010 Laburaren Majalisar Dokoki ya keɓe wayoyin hannu daga haramcin, kuma ana sake duba keɓewar duk bayan shekara uku. Sauya IMEI batu ne daban, a Birtaniya laifi ne ƙarƙashin wata doka ta 2002. Kamfanoni da yawa kuma sukan ƙi gyara wayar da aka buɗe butlodarta a ƙarƙashin garantinsu.