Gasar Cin Kofin Duniya: Tikitin Kallo Daban, Biza Daban

Babban ƙalubalen mai son zuwa kallon Gasar Cin Kofin Duniya shi ne samun izinin shiga ƙasar da ke karɓar baƙuncin gasar, domin tikitin wasa kaɗai ba ya buɗe masa iyaka.

A gasar 2018, Rasha ta sauƙaƙa lamarin da katin Fan ID, wanda ya bai wa masu tikiti damar shiga ƙasar ba tare da biza ba. Sai dai wasu 'yan Najeriya da suka tafi da katin sun maƙale a Mosko bayan kammala gasar, har sai da gwamnatin tarayya ta kwaso su. Ita ma Qatar ta yi amfani da katin Hayya a matsayin izinin shiga a 2022.

Gasar 2026 kuwa ta zo da tsari daban. Amurka da Kanada da Meziko ne masu masaukin baƙi, inda aka raba wasanni 104 na ƙasashe 48 a birane 16, daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli. Babu kati guda da ke shigar da ɗan kallo ƙasashen uku. Kowacce na bin dokokinta na shige da fice.

Ga kuma nisa: tsakanin Vancouver da Miami akwai fiye da kilomita 4,000, abin da ke ƙara kuɗin jirgi da na masauki.

Saboda haka ya kamata mai niyyar tafiya ya tabbatar da ingancin fasfo da samun biza kafin ya biya kuɗin jirgi ko otal da ba a mayarwa.