Fitilar auna bindiga: harbin dare a yaƙin duniya na farko

1. Gabatarwa

Masu rubuta tarihin yaƙin 1914-1918 sun fi mai da hankali ga manyan makamai, kamar igwa da tanka da iskar guba. A cikin wannan ƴar takarda za mu duba wani ƙaramin abu ne, wato fitilar da sojin Ingila ke kafawa gaban bindiga mai ruwa don harbin dare. Mun kira ta “fitilar auna” saboda ita kanta mai harbi ke aunawa, haskenta bai isa wurin abokin gaba. Ra'ayinmu shi ne, a kanta ake ganin yadda wannan bindiga ta tashi daga makamin ido ta koma makamin lissafi.

2. Bindigar

Hausawa sun san uwar wannan bindiga. Da Maxim sojin Ingila suka zo Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris, kuma ruwan da ke kewaye da bututunta don sanyaya shi ne ya sa aka ce mata “bindiga mai ruwa”. Hotchkiss ta Faransawa kuwa iska ke sanyaya ta. A waɗannan yaƙoƙi da hasken rana aka yi harbi, mai bindiga na kallon wanda yake harbi.

A shekara ta 1912 Ingila ta karɓi Vickers, wadda Maxim ce aka gyara. Tana ɗaukar ruwa kamar lita 4, ɗamararta na da harsashi 250, tana kuma iya sakin wajen 450 a minti ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne mazauninta mai ƙafa uku, wanda ke riƙe ta a kan layi guda.

3. Matsalar dare

Daga ƙarshen 1914 rundunoni sun nutse cikin ramuka, tun daga Tekun Arewa har iyakar Suwis. Da rana ba mai iya ɗaga kai. Abinci da harsashi da sojin canji duk da dare suke zuwa, ta hanyoyi da mararrabun da taswira ta nuna. Ke nan an san inda abokin gaba zai bi, an san lokacin, amma ba a ganinsa. A watan Oktoba na 1915 Ingila ta ware masu wannan bindiga ta yi musu runduna ta kansu, suka shiga koyon dabarar masu igwa, wato harbi da taswira da ma'aunin kusurwa.

4. Yadda ake aiki da fitilar

Tun da rana ake daidaita bindiga a kan wurin da ake nufi, ko da ido ko da lissafi, a danne ƙafafunta da buhunan rairayi. Sai a kafa alama ƴan mitoci gabanta. Ba tare da an motsa bututun ba, sai a gusar da majigin dubawa har ya faɗa kan alamar, a rubuta lambar da ya nuna. In dare ya yi, fitila ke maye gurbin alamar. A cikin akwati take, an rufe ta ta ko'ina sai ɓangaren da ke fuskantar bindigar, don kada abokin gaba ya hango ta. Harbi na girgiza mazaunin, saboda haka bayan kowace ɓarin wuta mai bindiga kan sake dubawa, ya mai da majigin kan ɗigon hasken.

5. Abin da ke cikin kuskure

Lissafin mai sauƙi ne. In fitila na mita 10 daga bindiga, ta goce da santimita 10, to a nisan mita 2.000 harsashi zai kauce da mita 20. Kuskuren digiri ɗaya kuwa ya kai kusan mita 35. In gefe aka kauce, harsashi ne aka ɓarnatar. In ƙasa bututun ya sunkuya, abin ya fi muni, domin sau da yawa ta bisa kan ƴan uwansu suke harbi. Sojin Kanada, bisa jagorancin Raymond Brutinel, haifaffen Faransa, sun yi amfani da irin wannan harbi sosai a tudun Vimy a watan Afrilu na 1917: darare kafin farmaki suna ta zuba wuta a kan hanyoyin Jamusawa don hana su gyara da kawo kaya.

6. Kammalawa

Dabarar ta daɗe bayan yaƙin. An ƙera fitilun auna masu batir, Vickers kuma ta yi aiki a rundunar Ingila har 1968. Wadda ta gaje ta ma an haɗa ta da sandar auna da ƴar fitila. Tsakanin Sakkwato da Vimy shekara 14 ce kawai. A cikinsu aikin mai bindiga ya sauya: abin da ake nema gare shi yanzu shi ne ya karanta lamba daidai, ya tsai da ido kan haske, ya amince da hafsan da ya yi lissafin. Su wa harsashinsa ya samu, wannan bai shiga cikin abin da yake iya sani ba.