Wa Za Ya Karɓi Rumfar Baƙo?

 

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Matta, sura 2. A can an gaya mana yadda Sarki Hirudus ya nemi ran wani jariri. Yusufu bai jira gari ya waye ba, ya kwashi iyalinsa suka tsere zuwa Masar. Ka lura, ɗan'uwana mai karatu: jaririn nan Bayahude ne, mai gudun hijira ne, ƙasar Afirka kuwa ita ta ba shi mafaka. Yau ina so in ba ka labarin waɗansu 'ya'yan Yahudawa da suka nemi mafaka a Afirka cikin babban yaƙin duniya na biyu, da abin da maƙwabtansu suka yi.

A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa. Marshal Petain ya kafa mulki a garin Vishi, yana bin Hitila. Babban Gwamna Boisson, wanda ya ke zaune a Dakar yana mulkin ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, ya bi Petain har watan Nuwamba 1942. Watau shekara biyu cur Abijan da Yamai da Damagaram suna ƙarƙashin dokar Vishi. Tsofaffi sun ba da labarin zamanin nan, gama a cikinsa aikin tilas ya yi tsanani, aka matsa wa talakawa su kawo danƙo da man ja. Ba a kashe aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ta ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Ran 3 ga Oktoba 1940 Vishi ta fitar da doka a kan Yahudawa, ta hana su aikin gwamnati da koyarwa. Ran 2 ga Yuni 1941 aka ƙara wata, aka ce a ƙidaya su, a rubuta sunan kowa da dukiyarsa. Takardar ta iso har wajenmu. Da aka ƙidaya Yahudawan Afirka ta Yamma ta Faransa duka, ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Duk da haka aka rubuta su ɗaya ɗaya. Haka mugunta ta kan soma, da takarda da alƙalami, tun ba a ji ƙarar bindiga ba.

A ƙetaren hamada, cikin Aljeriya, abin ya fi muni, gama Yahudawa suna da yawa a can, kakanninsu kuwa sun zauna ƙasar tun zamanin da. Ran 7 ga Oktoba 1940 aka ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasar Faransa wanda su ke da shi tun 1870. Sa'an nan aka juya kan yara. A 1941 aka ce 'ya'yan Yahudawa kada su wuce 14 cikin ɗari a makaranta, a 1942 aka mai da shi 7. Yaro ya kan zo da safe da jakarsa, a kira sunansa, a ce ya koma gida. Dubbai aka kora haka. Iyaye suka tara kuɗi, suka buɗe makarantun kansu, malaman da aka kora suka koyar da yaran da aka kora.

Akwai kuma samari da suka gudo daga Jamus da Ostiriya da Folan. Da yaƙi ya tashi suka shiga rundunar baƙi ta sojan Faransa domin su yaƙi Hitila. Da Faransa ta faɗi, ladan da aka ba su shi ne diga da shebur. A watan Maris 1941 Vishi ta yi dokar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga arewa, ta ratsa hamada, ta sauko kogin Kwara, reshe ɗaya ya nufi Segu, ɗaya ya nufi Yamai. Aka tsare samarin nan tare da 'yan gudun hijira na Sifen a sansanoni irin su Bu Arfa da Bergent a Maroko, da Kenadsa da Hajarat Mugil a Aljeriya. Rana ta ƙona su, sanyin dare ya kama su, ruwa kaɗan, abinci kaɗan. Akwai wani horo da a ke kira kabari: mutum ya haƙa rami daidai tsawonsa, ya kwanta ciki kwana da kwanaki, ba halin tashi. Waɗansu suka mutu da duka, waɗansu da zazzaɓi. A 1944 aka yi wa masu tsaron Hajarat Mugil shari'a a birnin Alje, aka yanke wa waɗansu hukuncin kisa. Jirgin kuwa bai taɓa ƙetare hamada ba.

Samarin Yahudawa ba su zauna hannu naɗe ba. Daren 8 ga Nuwamba 1942 wani ɗalibin likita mai shekara 22, José Aboulker, ya shugabanci mutum wajen 400, yawancinsu Yahudawa. Suka kama ofisoshin 'yan sanda da gidan waya na Alje, suka riƙe har sojan Amurka suka samu sauka. Ko da haka, sai Oktoba 1943 aka mayar musu da 'yancinsu. 'Yan'uwansu na Turai ba su sami wannan sa'a ba. Ran 16 da 17 ga Yuli 1942 'yan sandan Faransa suka kama mutum fiye da 13,000 a Faris, yara fiye da 4,000 a cikinsu. Kafin yaƙi ya ƙare an kashe Yahudawa wajen miliyan 6, yara wajen miliyan ɗaya da rabi.

To, ga abin da ya shafe ka, kai ɗan kasuwa. Dokar Vishi ta ce a karɓe kantuna da gidaje da gonakin Yahudawa, a sa su a hannun waɗansu wakilai, wakili kuwa yana da rabonsa. Riba ce a fili, cikin zamanin yunwa da tsada. Turawa da yawa suka yi rububi. Amma a 1941 limamai a masallatan Alje suka yi huɗuba ran Jumma'a, suka gargaɗi Musulmi kada su ci riba da wahalar maƙwabtansu, jama'a kuwa ta ji. Ni mai bin Yesu ne, ina kuwa faɗin wannan da girmamawa. A Faransa Kirista da yawa suka yi shiru, abin kunya ne gare mu. Amma a watan Agusta 1942 Babban Bishop Saliège na Tulus ya rubuta wasiƙa aka karanta a majami'u, yana tsawata wa masu kama Yahudawa. A ƙauyen Le Chambon kuma, Fasto André Trocmé da manoma talakawa suka ɓoye yara da yawa cikin ɗakunansu har yaƙi ya wuce.

Mu Hausawan Abijan mun san baƙunci. Zango ya karɓi iyayenmu. A watan Oktoba 1958, a garin nan, aka tasar wa mutanen Dahome da na Togo, dubbai suka bar ɗakunansu da sana'arsu, aka mai da su gida cikin jiragen ruwa. Kowane ɗaki da aka bari, wani ya shiga. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sabo da haka ina tambayarka, ɗan'uwana. Kadan rana ta zo aka kori mai rumfar da ke jikin taka, aka ce zo ka karɓa da araha, za ka karɓa? Ke 'yar'uwata, kadan ɗan baƙo ya tsaya bakin ƙofarki da dare, za ki buɗe? Allah ya umurci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo, gama su ma sun yi baƙunci a Masar. Cikin Matta sura 25 Yesu ya koya mana abin da aka yi wa baƙo shi aka yi wa. Zuciyar mutum tana son riba, ba ta iya wannan da ƙarfin kanta, sai Mai Ceto ya sabunta ta. Shi wanda ya yi gudun hijira yana jariri, ya ba da ransa domin mu, yana kiranka yau.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka gafarta mana shirun da muka yi. Ka tsare 'ya'yan baƙi a ko'ina su ke. Ka tsare hannunmu daga dukiyar wanda aka zalunta. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.